Asma ta kwantar da ɗana a kan na'urar numfashi, sun ce a sa masa ekmo: in sa hannu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ɗan shekara 9 yana da asma tun yana ƙarami. Shekaranjiya da dare ta tashi masa, maganin shaƙa bai yi komai ba. Muna isa asibiti aka wuce da shi ɗakin kulawa ta musamman, aka zura masa bututu a maƙogwaro, aka haɗa shi da na'urar numfashi. Yau likita ya ce iskar kabon ta taru a jininsa har ta kai 120, ma'aunin tsamin jinin kuma ya faɗi zuwa 7.0, kuma idan abin bai sauya ba za su sa masa wata na'ura mai suna ekmo, wadda ke fitar da jini daga jiki ta mayar. Sun ba mu takarda mu sa hannu. Mahaifinsa ya ƙi, ya ce wahala kawai za a ƙara wa yaron. Ni kuma abin da ke cin raina, ni ce na daina ba shi maganin kariyarsa wata uku da suka wuce, da na ga ya samu sauƙi. Don Allah ku ba ni shawara.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba yaron nan lafiya, Ya ba ku juriyar wannan zama. Tun da ba ki da lokaci mai yawa, ga amsarmu tun daga farko: idan likitocin da ke kansa sun ce magunguna da na'urar numfashi sun kai iyakarsu, ki sa hannu, ki kuma lallashi maigidanki ya sa. Su ne suke ganin yaron, mu ba ma ganinsa, amma alƙaluman da kika kawo irin waɗanda ake fara shirin ekmo a kansu ne. A jinin mai lafiya iskar kabon tsakanin 35 da 45 take, ma'aunin tsami kuma tsakanin 7.35 da 7.45, kuma raguwar wannan lambar na nufin tsamin jinin ya ƙaru. Yaron da ya kwana biyu a kan na'ura kabon ɗinsa na 120, tsaminsa na 7.0, yana bakin gaɓa.

Mun fahimci maigidanki sarai. Yana ganin da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma kowane uba zai ji haka idan aka ce za a fitar da jinin ɗansa ta bututu. Abin da ya kamata ya sani shi ne, a halin da ake ciki na'urar numfashin ma da kanta tana iya yi wa yaron illa. Sai an gane dalilin haka kafin a gane amfanin ekmo.

Idan asma ta tashi da ƙarfi, abubuwa uku ke faruwa a ƙananan hanyoyin iska na huhu. Tsokar da ke zagaye da su tana tsukewa, bangonsu na ciki yana kumbura, sannan majina mai kauri kamar danƙo tana toshe su. Iska tana iya shiga, musamman idan na'ura ce ke tura ta, amma fita ke gagara. Kafin numfashin farko ya gama fita, na biyu ya iso, na uku ya biyo. Huhu sai ya yi ta cika kamar salkar da ake hurawa ba a sassauta bakinta. Wannan cikar tana danne manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya, sai bugun jini ya faɗi, wani lokaci har zuciya ta tsaya. Tana kuma iya fasa huhun, iska ta zube cikin ƙirji ta matse shi. Watakila kin taɓa ganin ma'aikatan jinya sun cire na'urar daga bututun na ɗan lokaci sun danna ƙirjin yaron da hannu. Iskar da ta maƙale suke fitarwa, kuma dabara ce ta ceton rai.

Don gudun wannan cika, likitoci suna rage yawan numfashin da na'ura ke bayarwa a minti, su tsawaita lokacin fitar iska ya ninka na shigarta sau uku zuwa biyar, su kuma yi ƙoƙari matsin da ke cikin huhu kada ya wuce 30. Amma duk numfashin da aka rage, kabon ƙaruwa yake yi. Har zuwa wani mizani ana barinsa da gangan, domin yawanci yara suna jure tsamin 7.2. Idan ya gangaro zuwa 7.0 ya zauna, zuciya tana rage ƙarfi, bugunta yana iya rikicewa, jijiyoyin ƙwaƙwalwa kuma suna buɗewa har matsi ya ƙaru a cikin kai. A nan likita ya shiga tsaka mai wuya: in ya ƙara wa na'ura ƙarfi huhu ya fashe ko bugun jini ya faɗi, in ya rage kabon ya hau.

Ekmo huhu ne na wucin gadi da ke wajen jiki. Ba ta warkar da asma, ko kaɗan. Aikinta ta karɓi aikin huhu na 'yan kwanaki, ta cire kabon ta zuba oksijin a jini, yadda za a iya sassauta na'urar numfashi ƙwarai, huhu ya huce, magungunan rage kumburi su samu lokacin yin aiki. Abin da ke ba mu ƙarfin gwiwa a kan masu asma shi ne cutar tasu mai juyawa ce. Naman huhun lafiyarsa ƙalau, hanyoyin ne suka toshe, kuma suna buɗewa idan aka samu lokaci. Shi ya sa a rajistar ƙungiyar ELSO, wadda ke tattara bayanan cibiyoyin ekmo na duniya tun 1989, masu asma suna cikin waɗanda suka fi tsira: fiye da takwas cikin kowane goma suna rayuwa. Yawanci kuma zaman a kan na'urar bai wuce kwana uku zuwa mako guda ba, saɓanin masu wasu cututtukan huhu da kan kwashe makonni. Na'urar ba sabuwa ba ce. Tun 1975 likita Robert Bartlett ya yi nasarar ceton jaririya da ita a Amurka.

Kafin a kai ga ekmo akwai matakan da ake bi, kuma kina da haƙƙin tambaya ko an bi su: masu buɗe hanyoyin iska irin su salbutamol ta shaƙa ba yankewa ko ta jijiya da ipratropium, sitiroid mai rage kumburi ta jijiya, magnisiyam wanda akan ba yaro miligiram 40 zuwa 50 a kowane kilo na nauyinsa cikin minti 20, ketamin mai sa barci, da kuma allurar da ke kwantar da tsokoki don kada yaro ya yi kokawa da na'ura. Wasu asibitocin suna ba da aminofilin, wani maganin buɗe ƙirji, wasu kuma suna gwada iskar sa barci ta ɗakin tiyata, irin su isofluren, domin tana buɗe hanyoyin iska. Ba dole sai an gwada kowanne ba. Idan yaro na gangarowa da sauri, tsayawa gwada na ƙarshe yana iya zama ɓata lokaci.

Ekmo iri biyu ce. Ta farko tana ɗaukar jini daga jijiyar da ke komawa zuciya ta mayar da shi cikin irinta, zuciyar yaron ce ke ci gaba da harba shi. Wannan ake so ga mai asma, domin huhu ne kawai ke buƙatar taimako. Ta biyu tana mayar da jinin cikin jijiyar da ke fita daga zuciya, tana tallafar zuciya da huhu duka, ana kuma zuwa gare ta ne idan zuciya ta gaza ko ta tsaya. Haɗarinta ya fi yawa, domin gudan jini ko kumfar iska na iya wucewa kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa, kuma idan ta cinya aka bi, ƙafar na iya rasa isasshen jini. Ki tambayi wacce za a sa masa. Sau da yawa bugun jinin da ya faɗi saboda cikar huhu yana dawowa da zarar an sassauta na'urar numfashi, don haka faɗuwar bugun jini kaɗai ba ta tilasta a yi ta biyun.

Ga yadda ake sawa. Yawanci a kan gadonsa za a yi, yana cikin barci mai nauyi, ba zai ji komai ba. Za a ba shi heparin, maganin hana jini daskarewa. Sai a zura bututu mai kauri a babbar jijiyar wuya ta dama. Akwai bututu guda mai hanya biyu a cikinsa, ɗaya ta fita ɗaya ta dawowa. A yaro mai girma ana iya sa biyu, ɗaya a matsematsi ɗaya a wuya. Ana duba inda bakin bututun ya tsaya da hoton zuciya ko hoton ƙirji, domin kaucewar ɗan yatsa tana rage aikin na'urar. Daga nan famfo ke jan jinin ya tura shi cikin wani ɗan akwati mai ɗauke da dubban zaruruwa masu rami, sirara kamar gashi. Iska na bi ta cikin zaruruwan, jini na bi ta bayansu, kabon ya fita oksijin ya shiga ba tare da jinin da iskar sun gauraya ba. Akwai kuma abin ɗumama jinin kafin ya koma, in ba haka ba jikin yaron zai yi sanyi. Gudun jinin a yaro yakan kai mililita 80 zuwa 100 a kowane kilo a minti. Yaro mai kilo 28 jininsa duka wajen lita biyu ne, ke nan kwatankwacin duk jininsa, har da ɗan ƙari, ke zagayawa ta na'urar a kowane minti. Amma a kowane lokaci kaɗan ne ke waje, kuma tun kafin a haɗa an riga an cika bututun da ruwan ƙari ko jinin ƙari, saboda haka ba a zuƙe jinin yaro a bar shi fanko kamar yadda mutane ke zato.

Akwai abu ɗaya da muke so ki riƙe sosai, don kada hankalinki ya tashi a daren farko. Na'urar tana iya sauke kabon daga 120 zuwa 40 cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, amma ƙwararru ba sa yin haka. Kabon mai yawa yana buɗe jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Idan aka zare shi farat ɗaya, jijiyoyin sai su tsuke farat ɗaya, jini ya ragu a ƙwaƙwalwa, kuma an danganta irin wannan saurin da zubar jini a cikin kai da shanyewar ɓarin jiki. Don haka ana fara hura iskar da ke share kabon kaɗan kaɗan, ana gwada jini akai akai, ana sauke shi cikin sa'o'i masu yawa, har ya kai yini guda. In kin ga bayan sa'a shida har yanzu yana 80, da niyya aka yi.

Yanzu haɗarin, kuma ba za mu rage miki komai ba. Jini idan ya taɓa roba daskarewa yake yi, shi ya sa dole heparin ya riƙa shiga ba yankewa. In ya yi yawa yaro ya zubar da jini, in ya yi kaɗan na'ura ta toshe. Ana auna wannan sau da yawa a yini, da gwajin lokacin daskarewar jini wanda cibiyoyi da yawa ke riƙewa tsakanin daƙiƙa 180 da 220, da wasu gwaje-gwajen na ɗakin bincike. Zubar jini ita ce matsalar da aka fi gani, mafi yawa a bakin bututu, ko hanci, ko baki, ko inda aka sa bututun ƙirji idan huhu ya riga ya fashe. Kusan tabbas za a yi masa ƙarin jini, ki sa wannan a ranki. Wadda ake tsoro ita ce zubar jini a ƙwaƙwalwa. Ba ta da yawa, amma tana iya kisa ko barin naƙasa, shi ya sa za ki ga ana haska idanunsa da tocila kusan kowace sa'a, ana kuma rage maganin barci lokaci lokaci a ga ko yana motsa hannu da ƙafa duka ɓangarorin. Sauran su ne ƙwayoyin cuta da ke shiga ta bututu, fashewar jajayen ƙwayoyin jini wadda ke sa fitsari ya yi duhu, raunin ƙoda wanda wani lokaci kan sa a haɗa matatar wankin ƙoda a jikin na'urar, da zamewar bututu daga wurinsa. Saboda wannan na ƙarshen ne ba a barin na'urar ba mai gadi dare da rana, kuma juya yaro a gado yakan ɗauki mutum uku ko huɗu.

Idan kina zaune kusa da shi za ki ga bututu ɗaya jininsa ya yi duhu, ɗayan ja wur. Haka ake so. In kin ga bututun yana karkarwa, famfo ne ke jan abin da jijiya ba ta iya bayarwa, ko ruwan jiki ya yi ƙasa ko bakin bututun ya manne da bango. Ma'aikatan suna gani, amma ba laifi ki nuna musu. Kina iya riƙe hannunsa, ki yi masa magana da addu'a a kunne, ki dai wanke hannu, kada kuma ki gyara masa wuya ko matashi da kanki.

Abin da ya fi ɓata sakamako a irin waɗannan yara shi ne abin da ya faru kafin a sa na'urar. Yaron da aka sa wa ekmo zuciyarsa na bugawa, ƙwaƙwalwarsa na samun jini, damarsa babba ce. Wanda sai da zuciyarsa ta tsaya na tsawon mintoci sannan aka sa masa, huhunsa na iya warkewa sarai amma ƙwaƙwalwa ta riga ta samu rauni, kuma babu na'urar da ke gyara wannan. Shi ya sa likitoci ke neman sa hannu tun kafin buƙatar ta taso. Sa hannu yanzu bai tilasta a sa masa ba, yana dai hana a tsaya neman ku da takarda a lokacin da kowane minti ke da tsada. Wannan ne za ki gaya wa maigidanki. Mafi kyau ma, ku nemi babban likitan sashen ya zauna da ku ku biyu na minti goma, mahaifin ya yi tambayoyinsa da bakinsa, domin uban da ya ji bayani daga likita ya fi saurin natsuwa a kan wanda aka kawo masa labari.

A wannan zaman ku tambayi waɗanne alƙaluma ne idan aka gani za a sa na'urar, ko zuciyarsa ta taɓa tsayawa ko oksijin ɗinsa ya taɓa faɗuwa na dogon lokaci, ko huhunsa ya fashe, da kuma yara nawa cibiyar ke sa wa ekmo a shekara. Idan ya zama na'urar ba a asibitin take ba, sai an ɗauke shi zuwa wani, to a kira wancan asibitin yau. Ɗaukar yaro mai cikakken huhu a mota yana da haɗari, kuma haɗarin ƙaruwa yake yi da kowace sa'a. Wasu cibiyoyin suna turo tawagarsu ta sa na'urar a inda yaro yake sannan su tafi da shi a kanta.

Yayin da yake kan na'urar za a ci gaba da sitiroid da masu buɗe hanyoyin iska. Sau da yawa akan zura siririyar kyamara cikin huhu a wanke a zuƙo majinar da ta daskare, aikin da ke da haɗari sosai kafin ekmo. Alamun sauƙi su ne matsin na'urar numfashi na raguwa, iskar da ke shiga da fita na ƙaruwa, ƙugin ƙirji na sassautawa. Gwajin cire ekmo irin ta farko mai sauƙi ne: a rufe iskar da ke shiga akwatin, jini na ci gaba da zagayawa, a bar huhunsa ya yi aikin na wasu sa'o'i. In gwajin jini ya yi kyau sai a zare bututun, a danne wurin ko a ɗinke. Cire na'urar numfashi yakan biyo baya da kwana ɗaya ko 'yan kwanaki.

Zai farka da rauni. Sitiroid da allurar kwantar da tsoka idan suka haɗu suna raunana gaɓoɓi, wasu yaran sai sun yi makonni ana motsa musu jiki kafin su yi tafiya daidai. Wasu kan yi firgita, rashin barci ko ruɗewa yayin da ake janye magungunan barci, wanda ake yi a hankali don jiki ya riga ya saba da su. Kafin sallama ki nemi a duba jijiyar da bututu ya zauna ko akwai gudan jini, a kuma ba ku ranar dawowa don duba jinsa, tunaninsa da karatunsa.

Game da maganin da kika daina ba shi, ba za mu ce miki ba shi da nasaba ba, domin barin maganin kariya yana cikin abubuwan da ke buɗe ƙofar tashin asma mai tsanani. Amma kuskure ne da iyaye masu yawan gaske ke yi, saboda asma tana kwanciya har a ɗauka ta tafi alhali kumburin na nan a ciki, kuma akwai yaran da ke shan maganinsu daidai mura ta kai su wannan hali. Kin yi abin da kika ga daidai ne da abin da kika sani a lokacin. Ki faɗa wa likitocin ba ɓoye ɓoye, har da yawan maganin buɗe ƙirji da yake shaƙa a mako, domin da wannan za su tsara maganin gaba. Yaron da asma ta taɓa kai shi na'urar numfashi yana cikin masu haɗarin sake kamuwa da irinta, don haka daga yanzu yana buƙatar likitan huhu na yara, sitiroid na shaƙa kullum ta cikin gorar shaƙa ko da yana ƙalau, gida mara hayaƙi, da takardar da ta rubuta abin yi mataki mataki idan ƙirji ya fara. Kwafi ɗaya a gida, ɗaya a makaranta. A cikinta a rubuta ƙarara cewa idan ya kasa ƙarasa magana, ko leɓensa ya yi shuɗi, ko ya fara gyangyaɗi, ko sauƙin maganin shaƙa bai kai sa'a huɗu ba, asibiti za a nufa nan take, ana ba shi maganin a hanya.